Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Hotuna Tsakanin Ɗaurin Aure da Liyafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce yayar amarya, hidimar kuma a hannuna take. Za a ɗaura aure ranar Asabar cikin watan Disamba da ƙarfe 11 na safe a ƙofar gidanmu a cikin Birnin Zariya, liyafa kuma ƙarfe 7:30 na dare a wani ɗakin taro a Samaru. Yaya zan tsara hotuna ba tare da mun shanya baƙi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Hajiya, ki fara lissafi daga faɗuwar rana ki dawo baya. A Disamba rana kan faɗi a Zariya wajen ƙarfe 6:10, in kuma hazon hunturu ya sauko, haske yakan dushe tun kafin nan. Saboda haka lokacin hoton waje mai kyau shi ne daga an idar da La'asar zuwa wajen 5:45.

Kada a fito da amarya fili da tsakar rana. Ranar da ke bisa kai tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, hular ango ta duhunta goshinsa, farar shadda ta yi ƙyalli har aikin wuyan rigar ya ɓace a hoto. Hoton maza bayan an shafa fatiha dole a lokacin za a yi shi, tun kafin jama'a su watse, to a yi shi a ƙarƙashin rumfa ko inuwar bango: waliyyi da wakili da dattawa tukuna, sannan abokan ango. Minti 30 ya isa.

Abin da ya fi ɓata tsari shi ne kwalliya. Ta amarya takan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ɗaurin kai ya ƙara minti 20 zuwa 30. Amarya ta yi Azahar, ta ci abinci, ta zauna gaban mai kwalliya da ƙarfe 1:30 da alwalarta, domin ta samu La'asar ba tare da an wanke aikin ba. Ƙawaye a nema musu wata mai kwalliyar daban. Lalle kuwa a gama shi tun jajibiri.

Daga 4:15 zuwa 5:00 na dangi ne a cikin gida. Ki rubuta rukunan a takarda, kada su wuce 12, don tara kowane rukuni da daidaita tsayuwarsa kan ɗauki minti 3 zuwa 4. Ki fara da kakanni da iyaye a sallame su su huta, sai gwaggwanni da innoni, ƙawaye masu anko su zo ƙarshe. Mai hoto bai san wace ce gwaggo ba, don haka kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya mai murya wanda ya san dangi, shi zai riƙa kira. In gidanku maza ba sa shiga, a nemi izinin mai gida tun da wuri ko a ɗauko mace mai hoto.

Daga 5:00 zuwa 5:45 na ango da amarya ne su kaɗai, rana tana bayansu ko a gefe. Ango ya sake riga, ta safe ta riga ta sha zufa da rungumar 'yan taya murna. A yi Magariba a gida, a gyara hoda, a tashi 6:40. Ki ware wa hanya minti 45, domin daga Ƙofar Doka ta Tudun Wada zuwa Kwangila cunkoso ba ya rasuwa da yamma, ga jerin motocin biki da sai an jira juna.

Tambaya: Namu bikin a Agusta ne. In ruwa ya sauko fa?

Amsa: Ranar ta fi tsawo, Magariba kan kai kusan 6:45, amma hadari yakan taso da yamma. Tun ana saura mako mai hoto ya zo ya zaɓi falo ko baranda mai babbar taga, ya taho da fitilunsa masu batir saboda ɗaukewar wuta. Lumshi ba matsala ba ne, haskensa ma ya fi laushi a fuska. Da an ga gabas ta yi baƙi, a juya tsarin: ango da amarya su fara fita, hotunan dangi a ƙarasa su a ɗaki.