Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Raunukan Masu Sare Itace da 'Yan Katako

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga masu shiga daji da injin sare itace, da ma'aikatan injinan tsaga katako, da kuma iyalansu.

Likita, garin katako yana yawan faɗa mini a ido. Me zan yi? Daga wani mai aiki a 'Yan Katako, Na'ibawa, Kano.

Malam, kada ka murza idon, kuma kada ka bari wani ya sa harshe ko tsinken ashana don ya ciro maka. Ka wanke shi da ruwa mai tsabta mai yawa. Idan ka ci gaba da jin tsikari, ko ganinka ya ragu, ka je asibitin ido a ranar. Ka kuma sayi tabarau na aiki mai rufe gefe da gefe.

Likita, sarƙar inji ta yanke ni a ƙwauri muna aikin madobiya a daji. Abokan aikina suka zuba mini baƙin mai, suka cika wurin da garin katako, jinin ya tsaya. Yau kwana 4, wurin ya kumbura yana zugi. In ƙara baƙin man ne? Daga wani mai karatu a Bali, Jihar Taraba.

Ɗan'uwa, kafin komai, ka ajiye aiki ka tafi asibiti yau ɗin nan, kada ka jira ka gama lodin da ke gabanka. Kumburi da zugi a kwana na huɗu alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon.

Wannan al'ada ta zuba baƙin mai, ko fetur, ko ruwan batir, ko toka, ko ƙasa a kan sabon rauni ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Baƙin mai dattin inji ne, cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da guba. Fetur da ruwan batir kuwa ƙona naman da ke da rai suke yi, raɗaɗin da ake ji har a ce magani yana aiki, raɗaɗin ƙuna ne. Sarƙar inji ba ta yanka kamar reza, yagar nama take yi, tana tura ɓawon itace da ƙasa da mai can ciki. Idan aka zo aka toshe bakin ciwon da garin katako, an yi wa ƙwayar tetanas, wato cutar sarƙewar haƙora, shimfiɗa ke nan, domin a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ta fi yaɗuwa a rauni mai zurfi wanda iska ba ta shiga.

Na taɓa karɓar wani saurayi da aka kawo daga daji a bayan babur, ƙafarsa naɗe da tsumman da ya jiƙe da baƙin mai. Ciwon da kansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Abin da ya sa aka kawo shi shi ne bakinsa ya ƙi buɗuwa, mahaifiyarsa tana ƙoƙarin zura masa cokalin koko tsakanin haƙora amma ya ƙi shiga, kuma da an bugo ƙofa sai bayansa ya bankare, jikinsa ya sandare. Haka tetanas take, cutar da ake kira sarƙewar haƙora. Takan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, wani lokaci ma bayan bakin ciwon ya rufe, mutum ya saki jiki ya koma aiki.

Abin da ya kamata a yi tun a daji shi ne a kashe inji, a sami ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, a danne wurin da ƙarfi na aƙalla minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa, kada a cire na farko. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannewa ta kasa tsayar da shi, a ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku daga bakin raunin, ba a kan gwiwa ba, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a duba agogo a riƙe lokacin, sannan a nufi asibiti ba tare da an kwance ba. Ba a ɗaurewa da waya ko siririyar igiya. Ƙaramin yanka kuma ruwa mai tsabta da sabulu ne maganinsa na farko.

A asibiti za a buɗe ciwonka a wanke shi, a cire mataccen nama, a ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanas. Babban mutum yana bukatar sabunta allurar duk shekara 10, amma idan rauni mai datti ne irin naka kuma allurar ƙarshe ta wuce shekara 5, ana sake yi nan take. Wanda bai taɓa yi ba, allura ɗaya ba ta isar masa, sai ya koma ya cika sauran. Idan ka ji muƙamuƙinka ya yi tauri, ko haɗiya tana ba ka wahala, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko ciwon ya fara wari, to ko tsakar dare ne a kai ka asibiti. Na sake faɗa, kada ka kwana da wannan ƙafar a gida.

Likita, idan na tashi daga aiki kunnena yana ta ƙara kamar kukan gyare. Daga wani mai inji a Lafiya, Jihar Nasarawa.

Ƙarar injin sare itace takan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 kunne yake fara lalacewa idan aka daɗe a ciki. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, saboda haka ka sayi abin toshe kunne na aiki, auduga ba ta wadatarwa, kuma ka je a gwada jinka.

Likita, maigidana yana cewa ya sha maganin ƙarfe, don haka ba ya sa takalmi ko hular kwano. Yana kuma shan tiramol don ya jure aiki. Ina cikin damuwa. Daga wata uwargida a Birnin Gwari.

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Sarƙar inji tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma a ɗakin tiyata na ɗinke mutanen da ke ɗaure da guru da kambu. Mafi munin haɗari shi ne lokacin da saman ƙarshen injin ya taɓa reshe ko kututture, sai injin ya yi tsalle ya dawo wa mai shi a fuska ko kafaɗa kafin ya ƙifta ido. Abin da ke kare mutum shi ne riƙe inji da hannu biyu, da barin yanka sama da kafaɗa, da tabbatar da birkin sarƙa yana aiki, da hular kwano saboda busasshen reshe, da takalmi mai tauri. Kafin a kayar da itace, a share hanyar gudu a karkace ta baya, sauran mutane kuma su nisanta da tsawon itacen sau biyu.

Tiramol ya fi tayar mini da hankali. Yana ɓoye gajiya ne kawai, yana kawo gyangyaɗi da jiri, kuma yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya alhali inji yana kunne a hannunsa. Kada ya daina shi dare ɗaya idan ya daɗe yana sha. Ki lallashe shi, ko ki haɗa shi da wanda yake jin nauyinsa, ya zo asibiti a rage masa a hankali.

Likita, gungumen maɗaci ya danne ƙanena a baya da cinya. Mun kai shi wurin mai ɗori, amma ya ce ba ya jin yatsun ƙafarsa, fitsarinsa kuma ya yi baƙi. Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Malam, waɗannan alamu biyu duk na gaggawa ne. Rashin jin yatsu yana nufin ko dai laka ta taɓu, ko ɗaurin ya matse har jini ya daina sauka, kuma ƙafar da jini ya yanke mata takan ruɓe har ta kai ga yankewa. Baƙin fitsari kuwa yana nuna naman da ya dagargaje yana sakin abin da ke toshe ƙoda. Ku sassauta ɗaurin, ku kwantar da shi a miƙe a kan faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada wuyansa ya motsa, ku kai shi babban asibiti a mota. Kada ku zaunar da shi a kan babur, kada kuma a ja ƙafar ko a murza bayan. Ku tafi yanzu, kada ku jira mai ɗori ya sake dubawa.

Likita, idan injin tsaga katako ya cire wa mutum yatsa, ana iya mayarwa? Daga wani ɗan koyo a Sabon Gari, Zariya.

Wani lokaci ana iyawa, idan an isa babban asibiti da wuri. A danne jinin tukuna, a naɗe yatsan a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a jefa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kai kuma, yaro, ka riƙa tura ƙarshen katako da sanda, kuma kada ka share garin da ke kusa da zarto sai ya tsaya cak.