Gafara ba ta cinye kuɗin adashi

(Muryar da Mama ta turo a gurup ɗin matan unguwa daren Talata. Na rubuta ta saboda waɗanda suka ce ba su da megan saurare.)

Salamu alaikum ƴan'uwa mata, barkanmu da dare. Hajiya, ina gajiya, ya jikin Alhaji? Allah ya ƙara sauƙi. Tun la'asar na ji muryarki, na ƙi amsawa ne sai na sauke tukunya na samu wuri na zauna, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Waɗanda ba su saurara ba, Hajiya ta yi tambaya ne a kan uwar adashin nan da ta riƙe kwasar mutum uku ta bar gari. Ta dawo bayan salla, ranar Lahadi ta miƙe a majami'armu tana hawaye, ta ce ta tuba Allah ya gafarta mata, amma har yau ko dala ba ta mayar wa kowa ba. Shi ne Hajiya ta ce, ashe haka abin yake a wurinku? Tunda kun ce Yesu ya ɗauki zunubi, sai mutum ya ci haƙƙin mutane, ya je ya yi waƙa ranar Lahadi, shi ke nan an wanke? To ina hisabi? Ba zan kama sunan matar ba, kuma don Allah kada wadda ta kama a nan.

Hajiya, ban ji haushi ba ko kaɗan. Jika 30 nawa suna cikin kuɗin nan, kin ga ni ma da ciwo nake magana.

Rabin abin da kika ji gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Mu a wurinmu gafarar Allah kyauta ce, ba a sayenta da aiki. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa kowa ya yi zunubi, ba a cire limami ba a cire fasto, kuma ladan zunubi mutuwa ne. Ya rubuta wa Afisawa cewa da alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, don kada wani ya buga ƙirji ya ce aikinsa ne ya kai shi. Abin da ya sa muke riƙe da gicciye kuwa, mun gaskata Allah alƙali ne da ba ya kau da kai daga laifi. Idan ya yafe, to akwai wanda ya ɗauki nauyin, kuma mu mun ce Yesu Almasihu ne ya ɗauka. Na san a nan muka rabu da ku, ku kun ce Annabi Isa ba a gicciye shi ba. Shekara nawa muna cin tuwo a kwano guda da wannan bambancin, ba yau za mu warware shi a gurup ba.

Amma ɗaya rabin, wato mutum ya riƙe kuɗin mutane a ƙugunsa ya ce an gafarta masa, wannan ban san daga wane littafi aka ɗauko shi ba. Ba namu ba ne.

Bari in ba ki labarin Zakka, yana cikin Luka sura 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a garin Yariko, mai kuɗi, kuma kowa ya san ta yadda kuɗin suka taru. Gajere ne, da ya ji Yesu zai wuce sai ya hau itace don ya hango shi. Yesu ya ɗaga kai ya ce masa sauko, yau a gidanka zan sauka. Mutane suka hau gunaguni, wai ya za a yi ya ci abincin mazambaci. To me Zakka ya yi? Bai tsaya kuka ba. Miƙewa ya yi a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Sai bayan wannan maganar Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Ba wai ninki 4 ɗin ne ya saya masa ceto ba, a'a. Amma da shi aka gane mutumin ya juyo da gaske, don hannun da ya saba damƙewa ya buɗe.

Kuma ba Zakka ya ƙirƙiro wannan ba. Tun a Attaura, a Littafin Firistoci sura 6, an ce wanda aka ba ajiya ya ci amana, sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi 1 cikin 5 a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Ku lura da jerin, mayarwa ce a gaba. In da za a bi wannan lissafin, jika 30 nawa sun zama 36, amma ni a ba ni 30 ɗin ma na gode. Yesu da kansa a Matiyu sura 5 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo. Hajiya, kin ce a Musulunci haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. To kin ga a wannan gaɓar ba mu yi nisa da juna ba.

Wannan tambayar taki ma an riga ki yinta. Tun zamanin manzanni akwai masu cewa tunda alheri ya yi yawa, bari mu ƙara zunubi alherin ya ƙaru. Bulus ya ba su amsa a Romawa sura 6 da a'a mai ƙarfi. Yakubu kuma, a wasiƙarsa da ke cikin Sabon Alkawari, ya ce bangaskiyar da ba aiki a bayanta matacciya ce.

Sai maganar hisabi. Wasu suna zaton Kirista ba su san da Ranar Shari'a ba. Mun sani sarai. A cikin shaidar bangaskiya da ake karantawa a majami'u, wadda aka fara tsarawa a taron Nikiya a shekara ta 325, muna cewa Yesu zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce sau ɗaya mutum yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Bulus ya gaya wa Korintiyawa, kuma masu bi yake yi wa magana ba wasu ba, cewa dukanmu za mu tsaya gaban kursiyin Almasihu, kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi da jikinsa. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne Matiyu sura 7, inda Yesu ya ce ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga ba. Wasu za su ce mun yi annabci da sunanka, mun yi al'ajibai, ya ce musu ban taɓa saninku ba. Waɗannan fa ƴan cikin majami'a ne, masu kujerar gaba. A sura 25 kuma, da ya raba mutane kamar yadda makiyayi yake ware tumaki da awaki, tambayar da ya yi ita ce ta mai yunwa, da mai ƙishi, da baƙo, da marar lafiya, da na kurkuku, me ka yi musu. Cikin ukun da aka riƙe wa kwasa akwai gwauruwa da ta yi niyyar biya wa ɗanta kuɗin lakwal da su. Wanda zai yi tambaya a kan kofin ruwa ba zai tsallake wannan ba.

Ko wanda Allah ya gafarta masa da gaske ma, abin da ya shuka yana iya tsiro masa a duniya. Sarki Dawuda ya ɗauke matar sojansa, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Annabi Natan ya zo ya tone shi, ya amsa laifinsa, aka ce masa Allah ya kawar da zunubinka. Duk da haka jaririn ya rasu, takobi kuma bai bar gidansa ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga gadon sarauta.

Wata ta rubuto a ƙasa tana cewa to ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu fa, me ya mayar? Bai mayar da kome ba, hannuwansa a kafe suke, saura masa awoyi kaɗan. Ya amsa cewa hukuncin da aka yi masa daidai ne, ya roƙa, aka karɓe shi. Ita ƴar'uwar tamu hannunta a sake yake, ranar Alhamis ma an gan ta a Kasuwar Dole tana taya atamfa.

Ku yi haƙuri, jikata ce take taɓa talhon. Je ki wurin mamanki.

Yauwa. Yanzu bari in juyo kaina, don abin bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ni ma da aka cuta akwai abin da ke wuyana, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Kullum a Addu'ar Ubangiji muna roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Wato da bakina nake gindaya wa kaina sharaɗi. Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, ya ce masa bakwai ɗin har sau saba'in. Sai ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Talanti guda kusan dinari 6,000 ne, dinari guda kuma ladan lebura ne na yini. Ku lissafa, aikin kwana miliyan 60 ke nan, bashin da ko jikokin jikoki ba za su biya ba. Sarki ya yafe masa duka. Yana fita ya haɗu da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da ƴan kwanaki, ya shaƙe masa wuya ya sa aka kulle shi. Da sarki ya ji, ya kira shi ya mayar masa da bashinsa a ka. Saboda haka ni ba ni da izinin in riƙe matar nan a zuciya, ko in yi mata Allah ya isa, ko in ji daɗi in na ji wani abu ya same ta.

Amma yafewa daban, yin kamar ba a yi ba daban. Ku da kuke garin nan kun tuna Juma'ar 16 ga Janairun 2015, da aka tashi saboda zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Aka ƙona majami'u a nan Damagaram, washegari abin ya koma Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu a kwana biyun, har gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Mu da ba mu zana kome ba, ba mu ma ga jaridar ba. Hajiya, ke kika turo yaronki ya shigo da mu ta ƙofar baya, kika ba ni hijabinki na saka, muka kwana a ɗakin surukarki kafin a kai wasunmu barikin soja. Da muka koma majami'a, benci ya zama gawayi, kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo ciki, shafukan Littafi Mai Tsarki rabi a ƙone iska tana yawo da su a tsakar gida. Shugabanninmu suka ce mun yafe. Wasu suka ɗauka tsoro ne, wai don ba mu da yawa. Ni dai abin da na fahimta, kuma da shi na samu barci, shi ne abin da ke Romawa sura 12: kada ku rama, ku bar wa Allah, ramuwa tasa ce. Mai yafewa bai ce ba a yi laifi ba. Ya cire shari'ar daga hannunsa ne ya miƙa wa alƙalin da ba a saye. Sura ta gaba kuma ta ce hukuma mai yi wa Allah hidima ce don hukunta mai mugunta, saboda haka zuwa kumsariya ba rashin bangaskiya ba ne.

Ƴar'uwarmu ta Katolika tana cikin gurup ɗin nan, ta gyara mini in na kauce. Su suna zuwa wurin fada su furta zunubi, ya ba su aikin tuba, kuma in sata ce sai an yi niyyar mayarwa. Mu da ikilisiyarmu ta samo tushe daga ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka sauka garin nan a 1924, kai tsaye muke furtawa ga Allah. Ni a ganina wannan sauƙin namu ne wasu suke fakewa da shi, tunda ba mai zaunar da kai ya tambaye ka ina kuɗin. Shi ya sa ban ji daɗi ba da aka bar ta ta yi shaida a gaban jama'a, aka tafa, ba wanda ya fara tambayarta ko ta je wurin matan nan uku. Na faɗa wa dattawan ikilisiya haka, ido da ido.

Ko Allah ya gafarta mata, wannan ban isa in shiga tsakaninsu ba, ba a ba ni makullin ba. Mai yiwuwa hawayen na gaske ne, kunya da rashin abin biya suka hana ta zuwa. In haka ne, hanya a buɗe take. Matiyu sura 18 ta ce ka fara samun mutum kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Na riga na je ni kaɗai, ta ce in ba ta lokaci. Jibi in Allah ya kai mu, bayan an taso daga kasuwa, zan koma da matar fasto. Hajiya, in kina da sarari ki zo mu tafi tare, tunda biyu daga cikin masu kuɗin Musulmi ne, ya kamata su ma a ji ta bakinsu. Ba faɗa za mu je yi ba. Takarda za mu riƙe, ta faɗi abin da za ta iya bayarwa duk wata, ko jika 5 ne, a fara da gwauruwar nan saboda lakwal ta kusa komawa. Nawa a sa shi a ƙarshe.

Wadda take da littafin zubin ta turo mini hotonsa kafin gobe da azahar. Sai da safenku.