Annie ba daga fim ta fara ba

Ka tambaya ko fim ɗin 1982 ne asalin labarin Annie marainiya. A'a. Harold Gray ne ya fara zana ta a jaridar Daily News ta New York a 1924. Tun 1932 aka yi fim a kanta, sannan a 1977 aka sa ta a wasan dandamali mai waƙe-waƙe a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York. Daga wannan wasan John Huston ya ɗauko fim ɗin 1982, wanda Aileen Quinn ta fito a matsayin Annie.

Amma in za ka nemi zanen jaridar, kada ka sa ran annashuwar fim ɗin. Da na karanta, wahala da siyasa na tarar, abin ya taɓa ni. Gray ɗan adawar Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ne sosai, alhali a wasan 1977 har fadar shugaban Annie ta je ta ƙarfafa masa gwiwa.