Ku Tambaya Mu Amsa: Anya Detroit Lions za su kai labari a kakar 2025 kuwa? (An rubuta wannan ne kafin a fara kakar 2025, don haka "bana" na nufin kakar 2025, "bara" kuma kakar 2024.)

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni jihar Michigan, abokan aikina suka koya min kallon ƙwallon Amurka har na zama ɗan ga-ni-kashe-nin Detroit Lions. To wallahi bana hankalina ba a kwance yake ba, mataimakan kocinmu biyu duk sun tafi, Ragnow ya yi ritaya, ga shi wasan share fage na farko Chargers sun mana 34 da 7. Don Allah ka faɗa min tsakani da Allah, mu sa rai ko mu haƙura kawai? Daga wani mai karatu a Michigan.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a a can. Ka sa rai mana, amma ba irin sa ran bara ba.

Fara cire wannan 34 da 7 ɗin daga ranka. Wasan da aka buga a garin Canton ne ranar 31 ga Yuli, Jared Goff babban mai jefa ƙwallonku ko taɓa ƙwallo bai yi ba, Kyle Allen da Hendon Hooker aka bari suna neman kujerar mataimakinsa. Ka tambayi tsofaffin magoya baya a wurin aikinku, a 2008 Lions ɗin nan sun cinye wasannin share fage huɗu cif, da aka shiga kaka kuma aka doke su sau 16 a wasa 16. Wasan share fage na tantance yara ne kawai.

Maganar kociyoyi kam da ɗan nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Ben Johnson shi ya tsara harin da ya ci maki 564 a 2024, ba ƙungiyar da ta kai su a duk NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, yanzu kuma ya zama babban kocin Chicago Bears, wato cikin rukuninku na NFC North, sau biyu za ku haɗu da mutumin da ya san sirrin gidanku ciki da bai. Aaron Glenn mai kula da tsaro shi ma ya tafi New York Jets. Amma dubi waɗanda babban koci Dan Campbell ya ɗora a gurbinsu: John Morton ya yi aiki a Detroit a 2022 kafin ya tafi Denver, Kelvin Sheppard kuma ɗan gida ne ƙarin girma aka masa, ba baƙi aka kwaso daga waje ba. Kuma shi Campbell yana nan, mutumin da ya fara da nasara 3 kacal a 2021, ya koma 9, ya koma 12, ya kai 15, ni a ganina halin ƙungiyar nan nasa ne ba na mataimaka ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne wanda ka ambata a tsakiya ka wuce, wato Frank Ragnow. Mutane suna kallon mai jefa ƙwallo da mai gudu da ita, ba sa kallon ƙartin nan biyar da ke tsaye a gaba suna tare mutane, alhali duk abin da Detroit ta yi a shekaru ukun nan a kan wuyansu ta yi shi. Ragnow shi ne na tsakiya, shi ke miƙa wa Goff ƙwallo, shi ke karanta tsayuwar abokan hamayya ya faɗa wa sauran huɗun wa zai tare wa kafin a fara, ya ajiye wasa a watan Yuni yana ɗan shekara 29 saboda jiki ya gaji da rauni, sannan Kevin Zeitler da ke damansa ya koma Tennessee. Kenan tsakiyar katangar sabuwa ce: Graham Glasgow ake sa ran zai koma tsakiya, Christian Mahogany da bai buga wasanni da yawa ba a hagu, Tate Ratledge da aka ɗauko bana daga jami'ar Jojiya a dama. Penei Sewell da Taylor Decker suna nan a gefe da gefe, alhamdulillahi, amma Goff fa ba Lamar Jackson na Baltimore mai gudun tsiya ba ne, ba ya tsere wa kowa da ƙafa, in ya samu daƙiƙa uku a tsaye cikin natsuwa zai yanka ka da Amon-Ra St. Brown da Sam LaPorta da Jameson Williams, in kuma aka ɓullo masa ta tsakiya aka taso shi sai ka ga ya fara jefa wa abokan hamayya. Gida ne mai kyawun fenti da aka canja wa ginshiƙin tsakiya, sai an yi ruwan farko za a san ko ya zauna. Haka ma Jahmyr Gibbs da ya shiga gidan ci sau 20 bara, da David Montgomery, gudunsu duk sai an buɗe musu hanya.

Ɓangaren tsaro kuma nan nake da fata sosai. Ka tuna yadda bara ta ƙare, Washington ta zo har filinku na Ford Field a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ta ci 45 da 31, yaro sabon shiga Jayden Daniels yana yin yadda ya ga dama, ku kuma kuka zubar da ƙwallo sau biyar. Gaskiya ne, amma wa ya rage a tsaron ranar? Aidan Hutchinson ya karye a ƙwauri tun Oktoba a wasan Dallas, lokacin ya riga ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 7.5 a wasa biyar kacal, Alim McNeill ya tsinke jijiyar gwiwa a Disamba, wasu da aka sa a fili ma ba su daɗe da zuwa ƙungiyar ba. Bana Hutchinson ya dawo, Kerby Joseph da ya cafke ƙwallo 9 yana nan tare da Brian Branch, an kawo D.J. Reed ya maye gurbin Carlton Davis, an ɗauki Tyleik Williams a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Damuwata ɗaya dai, in aka sa mutum biyu a kan Hutchinson waye zai taso daga ɗaya gefen?

Jadawalin kuma babu sauƙi sam, wasa 9 a waje, ciki har da Baltimore, Kansas City, Philadelphia da suka ɗauki kofin kakar 2024, da Washington, ga rukunin da Vikings suka ci 14 Packers suka ci 11 bara. Don haka ni hasashena nasara 11 ne ko kusa da haka, za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale in sha Allahu, kuma wallahi na fi son 11 da mutane lafiyayyu a Janairu a kan 15 da rabin tsaro a asibiti. Ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1957, ba ta taɓa zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, ba ko sau ɗaya, tana gaba da 24 da 7 amma ta sha kashi a hannun San Francisco a Janairun 2024, ai ba yawan nasarar kaka take nema ba yanzu. Ranar 7 ga Satumba, a wasan farko na kaka a gidan Green Bay Packers, ka bar bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci ka kalli Glasgow da yaran nan biyu, in Goff yana tsaye rigarsa ba datti to ka kwantar da hankalinka.

TAMBAYA: Malam mu da muke gida ƙarfe nawa ake buga wasannin nan? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Yawwa 'yar'uwa, yawanci ranar Lahadi ne. Wasan ƙarfe 1 na rana a Detroit shi ne 6 na yamma a Nijar da Najeriya, na Green Bay ɗin nan kuma 9:25 na dare zai fara. Na darensu su ne wahala, sai wajen 1 na dare a nan, kuma wasa ɗaya yana cin awa uku. Daga farkon Nuwamba in sun mayar da agogonsu baya sai ki ƙara awa ɗaya a kan duk lissafin.