Tambaya da Amsa: Sarrafa Na'urar Gwajin Siginar Talabijin Daga Nesa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani shagon da ke shigo da dikodoji a Jidda, amma gidana a Makka yake. Muna da na'urar da ke kunna fayil ɗin bidiyo ta fitar da shi a siginar DVB-S2, tamkar daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, domin mu gwada dikodoji kafin a kai su kasuwa. Maigidana yana so gwajin ya riƙa kwana yana gudana. Shin zan iya kunnawa da tsayarwa da canza fayil daga gida? Kuma me ya sa hoto ke daskarewa duk sa'ad da fayil ya ƙare ya koma farko? Mai karatu daga Makka.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Za ka iya. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori kwamfuta ce a cikinsu, don haka da manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su Remote Desktop ko VNC, za ka ga allonta daga Makka, ka danna abin da kake so. Wannan ya isa idan gyara ɗaya za ka yi, amma gwajin da zai kwana yana bukatar rubutaccen shirin kwamfuta wanda zai aika umarni shi kaɗai.

Yawancin na'urorin gwaji suna karɓar umarnin SCPI, wanda aka tsara a 1990, kuma gajeren rubutu ne da ake turawa ta kebul ɗin sadarwa, galibi ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 5025. Ka fara da *IDN? domin na'urar ta faɗi sunanta, ka tabbatar da ita kake magana. Umarnin ɗora fayil da kunna shi kuwa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka duba littafin taka. Manhajar StreamXpress ta kamfanin DekTec, wadda ake kunna irin waɗannan fayiloli da ita, tana da nata tsarin daban. Abin da nake jaddadawa shi ne kada ka ɗauki tura umarni a matsayin an aikata shi. Babban fayil yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, saboda haka shirinka ya tura *OPC?, wato tambayar ko aikin ya kammala, ya jira amsar 1 kafin ya ce a kunna, sannan ya tura SYST:ERR?, wato tambayar ko an sami kuskure, ya rubuta amsar tare da lokacinta. Wanda ya tsallake wannan zai iya wayar gari ya tarar babu abin da ya gudana tun dare. Kuma wannan ƙofa a yawancin na'urori ba ta neman kalmar sirri, don haka kada a buɗe ta ga intanet kai tsaye. A bi ta VPN na shago, wato keɓantacciyar hanyar sadarwa mai tsaro, da izinin maigidanka.

Daskarewar hoton kuwa, mai yiwuwa ba laifin dikoda ba ne. Siginar tana tafiya ne a ƙananan ƙunshi masu bayit 188, masu ɗauke da lambar jeri da ke zagayawa daga 0 zuwa 15, wasu kuma suna ɗauke da alamar agogo, wato PCR, da aka gina kan bugun megahaz 27, wato bugu miliyan 27 a daƙiƙa. Idan fayil ya koma farko, lambar jerin tana tsalle, agogon kuma ya koma baya, sai dikoda ta ɗauka siginar ta yanke, ta tsaya tana sake daidaita kanta. Ƙa'idar awon siginar talabijin ta TR 101 290 ta sanya tsallen lambar jeri cikin kurakuran mataki na farko, wato mafi tsanani, na PCR kuma a mataki na biyu. A cikin na'urar gwajin, ka nemi zaɓin da ke sabunta waɗannan lambobi da alamun lokaci a kowane zagaye ka kunna shi, kuma fayil ɗin ya fara da cikakken hoto, ba tsakiyar jerin hotuna ba. Zalunci ne a mayar wa dillali kaya saboda aibin da na'urarku ce ta haifar da shi.

Sauran abu guda: na'urar tana ba ka labarin abin da ta fitar ne kawai, ba abin da dikoda ta nuna ba. Ka haɗa dikodar da katin ɗaukar hoto ta HDMI, ko ka kafa kyamara tana kallon talabijin, domin da safe ka kwatanta lokacin da hoto ya tsaya da lokacin da fayil ya zagayo.