Cinikin sojan Amurka ba tare da dokar kwangila ba: me zan kula da shi?

Wani mai ƙaramin kamfanin manhaja a Amurka ya rubuto cewa an gayyace shi ya gwada fasaharsa ga rundunar soja ta hanyar da ake kira OTA. An ce masa babu wahalar takardu. Yana tambaya ko ya shiga.

Malam, shiga, amma da ido biyu. Sayayyar gwamnatin Amurka tana bin kundin dokoki mai suna FAR, wanda kaurinsa kaɗai ke korar ƙananan kamfanoni. OTA yarjejeniya ce da ba ta ƙarƙashinsa. Hukumar sararin samaniya, NASA, ce ta fara samun wannan izini a 1958, hukumar binciken soja ta DARPA ta samu a 1989. An tanadi OTA ne don bincike da ƙera samfurin gwaji, kuma irinka ake nema, wato kamfanin da bai saba kwangilar soja ba. Manyan 'yan kwangila sai sun jawo irinka cikin aikin, ko su zuba kashi ɗaya cikin uku na kuɗin daga aljihunsu.

Sai dai dokokin da aka ɗauke maka, wasunsu kai suke karewa. Abin da ba a rubuta a takardarka ba, ba ka da shi. Hakkin mallakar fasaharka ciniki ne, don haka a fayyace abin da ka zo da shi daga gida da abin da kuɗinsu ya haifar. Biya kuma yawanci sai ka kammala mataki-mataki, albashin ma'aikatanka kuwa ba ya jira. Idan ta ƙungiyar kamfanoni za ka bi, tambayi kuɗin rajista da kason da mai gudanarwa ke yanka.

Riba ta gaske ba a gwajin take ba, tana cikin odar da ke biyo baya, wadda doka ta yarda a ba ka ba tare da sabuwar takara ba idan gwajin ya yi nasara. Nan ne ake tuntuɓe. A 2018 kamfanin Oracle ya kai ƙara kan odar dala miliyan 950 da aka ba wani kamfani mai suna REAN Cloud, hukumar GAO mai bin diddigin kuɗin gwamnati ta goyi bayan Oracle, domin yarjejeniyar farko ba ta ambaci odar gaba ba, kuma gwajin bai kammala ba.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka ga sharaɗin odar gaba a rubuce, tare da ma'aunin da za a ce gwaji ya yi nasara. Lauyan da ya san wannan fanni yana da tsada, amma ka biya shi.