Jitar da nake haɗawa a kwamfuta tana kuka kamar jiniya, ina gyaran?

Tambaya: Salam oga. Ni ƙaramin furodusa ne a Anguwan Rogo cikin Jos, da FL Studio nake haɗa kiɗan da mawaƙa ke hawa kai. Matsalata jita ce, duk sanda na so ta yi kukan nan na jan tsirkiya sai ta fito kamar jiniyar motar asibiti. Na tambayi wani babba a situdiyo ya ce wai sirrin sana'a ne. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena. Wallahi ba wani sirri, rowa ce kawai. Ni ma wani dattijo mai kaɗa jita a coci can Bukuru ne ya zaunar da ni ya nuna min, ko kuɗin shayi bai karɓa ba, to kai ma ga shi.

Matsalarka kana tunanin kibod ne, alhali yatsa ya kamata ka sa a ranka. Mai jita in ya danne tsirkiya ya tura ta gefe, ƙara mata tauri yake, shi ya sa sautin sama kawai yake tafiya. In ka ji ya sauko to tun kafin ya kaɗa ya riga ya ja ta, sai ya saki a hankali. Kai kuma na san kana wasa da fic bend, abin nan mai ɗaga sauti ko sauke shi, sama da ƙasa yadda ka ga dama, wannan ai goge ne ba jita ba.

Fara duba iyakar da ka ba shi. A MIDI, yaren da kwamfuta ke ba kayan kiɗa umarni da shi, yawanci rabin mataki sau 2 ne, wato firet 2 (gaɓoɓin nan na wuyan jita), kuma nan ne yawancin masu jita ke tsayawa, wani lokacin ma firet 1. In wani ya taɓa buɗe maka shi zuwa 12 to ga jiniyarka nan.

Sai zanen layin da fic bend ɗin zai bi, nan ne aikin yake. Kar ka ja shi miƙe sambal kamar titin Abuja. Bari a ji bugun tsirkiyar tukuna, sannan ya tashi da sauri, in ya kusa kaiwa ya rage gudu kamar mai keke ya zo kan tudu, don tsirkiyar tana ƙara tauri yatsa na shan wahala. Ni nakan bar shi ya gaza kaiwa da ɗan kaɗan sannan ya cika, kuma ba na kwafa ɗaya in manna ko'ina, kowanne da nasa zanen, mutum ba ya maimaita abu sak. Karkarwar da ake yi a sama kuma kar ta fara nan take, ya ɗan zauna tukuna, sannan ta riƙa saukowa ƙasa kaɗan tana komawa, don mai jita sassautawa yake yana sake turawa.

Abin da ya fi tona asirin furodusoshi shi ne fic bend duk canal ɗin, wato hanyar da sautukan jitar ke bi, yake ɗauka, in sauti 3 ka danna duka 3 za su tashi tare. A jita kuwa ɗaya ake ja ɗaya na zaune, wannan gogayyar tsakaninsu ita ce daɗin. Sai ka buɗe jitar sau 2, ɗaya ta ja ɗaya ta tsaya, ka tura su cikin amfilifaya guda. MPE, tsarin MIDI mai ba kowane sauti nasa fic bend da aka amince da shi a 2018, don wannan aka yi shi, amma ba kowace jitar kwamfuta ce ke karɓarsa ba.

Af, silaid (zamewar sauti) ɗin cikin fiyano rol, inda ake jera sautuka, da kayan FL na gida yake aiki, in Kontakt, manhajar wani kamfani daban, kake lodawa sai dai ka zana da hannu.

In ka gama ka samu mai jita na gaske, Jos ba a rasa su, ka ɗauki bidiyon hannunsa da waya ka rage gudun ka kwatanta da naka. Ka turo min in saurara.